KO KESON SARKI NE, A ƘIRGA

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, akwai darasi guda ɗaya da yakan sa ofishin malamai ya yi tsit, wato lissafi. Sai ka ga yaro ya ci Hausa, ya ci Tarihi, ya ci Aikin Gona, amma lissafi ya tare masa ƙofar gaba, domin a fannoni da yawa ba a samun gurbi a jami'a sai da kiredit a lissafi da Turanci. Mu da muke riƙe da alli mun daɗe muna lura da inda wannan tsoro yake somawa. Yakan soma ne tun a aji ɗaya, ranar da lamba ta fara tara sifiri a bayanta. Ka rubuta 48 a allo ka ce a faɗi abin da zai raba ta, nan da nan hannuwa su tashi sama. Ka rubuta 20,000 ka yi tambaya iri ɗaya, sai aji ya yi shiru kamar ruwa ya cinye su.

Kada ɗalibai su ga kamar su kaɗai muke zargi, domin mu manya ma haka muke. A taron iyaye da malamai, ko a taron ikkilisiya na ƙarshen shekara, idan ma'aji ya tashi ya karanto dubbai da miliyoyi, sai kowa ya gyaɗa kai a ce an yarda. Amma da ya ce an sayi tsintsiya a kan kuɗin da ya wuce kima, da mutum goma sun miƙe tsaye. Ƙaramar lamba muna yi mata tambaya, babba kuwa muna cire mata hula.

Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, babbar lamba ba dodo ba ce. Tana da hali, tana da dangi, tana da inda take da ƙarfi da inda take da rauni, kamar dai mutum. Duk wanda ya iya yi mata tambayoyi huɗu ko biyar zai san ko wace ce ita. Muna kuma ganin koya wa yaro waɗannan tambayoyi wajibi ne a kan makaranta daidai da koya masa karatu, domin wanda ba ya iya tuhumar lamba, kowa ya zo da ita zai iya cutarsa.

KAKANNINMU DA FARIN KUƊI

Kafin zuwan sule da kwabo, da wuri ake ciniki a ƙasar nan, wato ɗan farin ƙoƙon nan na teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Kalmar kuɗi ma da muke faɗa kullum, asalinta jam'in wuri ce. Da yake darajar wuri guda ba ta taka kara ta karya ba, duk wani ciniki mai kauri sai ya kai dubbai. Wuri ashirin hauya ke nan. Ɗari biyu metan. Idan aka kai dubbai sai a shiga zambar: zambar goma, zambar ashirin, zambar ɗari. Wuri zambar ashirin, wato 20,000, akan ƙunshe shi wuri ɗaya a buhun saƙa, shi ne keso, kuma kusan kayan ɗan dako guda ne.

Wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ga wannan da idonsa. Ya sauka a Wurno a shekarar 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, lokacin da Wurno take mazaunin Sarkin Musulmi. Kafin nan, a 1851, ya ratsa ta Tasawa da Kano. Ya rubuta cewa a Kano ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ya kuma ba da labarin yadda a Tasawa aka zauna, mutum biyar ko shida, aka ƙirga wuri 500,000 da hannu. Ana jan su biyar-biyar da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na metan ko na dubu, har aka gama.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarinsa shi ne wannan: masu mulkin garuruwa sukan sa a ɗura wuri dubu ashirin-ashirin a buhu, amma duk da haka ba mai karɓar buhun a hannun ciniki sai an zazzage an ƙirga. Ku duba fa, mutanen da ba su taɓa ganin allon makarantar boko ba, ba su yarda girman lamba ko girman wanda ya ɗaure buhun ya hana su tabbatarwa ba. Mu jikokinsu da muke da takardun shaida, mu ne muke gyaɗa kai.

Saboda haka bari mu ɗauki wannan lamba ta keso, 20,000, mu zaunar da ita a gabanmu, mu yi mata tambayoyi.

HALIN ZAMBAR ASHIRIN

Tambaya ta fari ita ce wadda yara suke yi wa juna da gyaɗa a dunƙule a hannu: cika ko mara? Lambar da biyu take rabawa ba saura ita ce cika, wadda take barin ɗaya ita ce mara. Ba sai an raba ba, ƙarshenta kawai ake dubawa. Tunda 20,000 ta ƙare da sifiri, cika ce.

Tambaya ta biyu: da wane tubali aka gina ta? Akwai lambobin da babu abin da yake raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. A ajinmu mukan kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da aka gina dukkan sauran lambobi da su, kuma kowace lamba hanyar gininta guda ɗaya ce tak. To, mu rushe 20,000 mu gani. Rabinta 10,000. Rabin wannan 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625. Mun raba da biyu sau biyar ke nan, kuma 625 mara ce, biyu ta gama aikinta. Sai mu koma ga biyar: 625 ta ba da 125, sai 25, sai 5, sai 1. Sau huɗu ke nan. Ashe duk girman keso, tubali iri biyu ne kawai a jikinsa: biyu guda biyar da biyar guda huɗu, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5.

Tambaya ta uku: lambobi nawa ne suke raba ta daidai? A nan akwai wata gajeriyar hanya mai daɗi. Ka ƙara ɗaya a kan yawan kowane tubali, sa'an nan ka ninka. Biyu ta fito sau biyar, ya zama 6. Biyar ta fito sau huɗu, ya zama 5. Shida sau biyar talatin. Ga su nan ga mai son tabbatarwa: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 400, 500, 625, 800, 1,000, 1,250, 2,000, 2,500, 4,000, 5,000, 10,000 da 20,000.

Wanda ya dubi wannan jeri zai gane hikimar masu ƙirgar wuri. Biyar tana ciki, hauya tana ciki, metan tana ciki, dubu tana ciki. Keso guda ja dubu huɗu ne na yatsu biyar-biyar, ko hauya dubu, ko tsibi ɗari na metan, ko tsibi ashirin na dubu. A farashin Kano na 1851, dala takwas ne cif. Duk matakin da mai ƙirga ya tsaya, lissafinsa ba ya barin ɓurɓushi. Irin wannan dabara ta kasa babban taro ƙungiya-ƙungiya mun san ta a Linjilar Markus sura 6, inda aka zaunar da mutum dubu biyar ɗari-ɗari da hamsin-hamsin kafin a raba musu abinci.

Amma keso yana da rauninsa. Babu uku a cikin tubalansa, babu bakwai. Idan 'yan'uwa uku suka gaji keso guda, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su rage a tabarma. Idan su shida ne, 3,333 da saura biyu. Idan bakwai ne, 2,857 da saura ɗaya. Idan tara ne, 2,222 da saura biyu. Wannan saura kuwa, kowa ya san shi ne yakan haɗa 'yan'uwa faɗa. Shi ya sa malaman da suke rabon gado a unguwanninmu suke yawan kafa lissafinsu a kan 6 da 12 da 24, domin 24 ita ce ƙaramar lambar da za a fitar wa rabi, da sulusi, da rubu'i, da sudusi, da sumuni, ba tare da an fasa ƙwaya ba. Haka ma tsohon kuɗin da iyayenmu suka kashe kafin naira ta zo a 1973: fam guda sule ashirin ne, sule kwabo goma sha biyu, wato kwabo 240. Lambobi ashirin suke raba 240 daidai, alhali kobo 100 na naira lambobi tara kawai suke raba shi. Naira ta fi sauƙin rubutu, fam ya fi sauƙin rabo. Kowace lamba da abin da ta iya.

Tambaya ta huɗu: a wane gida take? Masanan Girka na dā sun kasa lambobi gida uku. Sukan tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, su gwada jimlar da ita. Idan jimlar ta gaza, lambar mai giɓi ce, kamar 10, wadda 1 da 2 da 5 suka ba da 8 kawai. Idan jimlar ta zarce, mai yalwa ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka ba da 16. Idan kuwa jimlar ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6, wato 1 da 2 da 3, ko 28, wato 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Kesonmu mai yalwa ne, gama masu raba shi sun tashi 29,203. Kammalallu kuwa tsada gare su: daga 6, 28, 496 da 8,128, ba wata sai 33,550,336. Dukansu cika ne. Fiye da shekara dubu biyu ke nan masana suna neman kammalalliya wadda take mara, ba a samu ba, ba kuma wanda ya iya tabbatar da cewa babu ita. Wannan tambaya tana nan a buɗe tana jiran mai rabo.

Tambaya ta biyar: wace siffa take ɗauka? A ce manomi a fadamar Wurno yana da dashen albasa 20,000, yana so ya jera su yadda yawan layuka zai yi daidai da yawan dashe a kowane layi. Layi 141 na 141 zai ci 19,881, dashe 119 su rage. Layi 142 na 142 kuwa sai da 20,164, ya gaza da 164. Ke nan 20,000 ba ta yin murabba'i guda. Amma idan ya raba gonar biyu, kowace ta ɗauki layi 100 na 100, ba ko ɗaya da zai rage.

MAƘWABTA BA HALINSU ƊAYA BA

Yanzu mu leƙa gidajen da suke kusa da keso. Cire wuri guda, ka sami 19,999. Duk mai kallonta zai rantse babu mai raba ta, amma bakwai tana raba ta, 7 sau 2,857. Ƙara wuri guda, ka sami 20,001. Tara ƙwayoyinta, 2 da 1 sun ba da 3, wannan kuwa alama ce uku tana raba ta. Tubalanta su ne 3 da 59 da 113. Matsa gaba kaɗan zuwa 20,011. Wannan ita ce gagara-rabo ta farko bayan keso. Ko mutum nawa suka taru a kanta, in dai sun wuce ɗaya ba su kuma kai 20,011 ba, sai an yi saura. Ba sai an gwada dubban lambobi kafin a tabbatar da haka ba. Ya isa a gwada gagara-rabon da ba su wuce 141 ba, su kuwa 34 ne kacal, aikin da ɗan aji uku zai gama a darasi biyu.

Sa'an nan ga 20,160, wadda ta ɗara keso da wuri 160 kawai. Tubalanta su ne biyu guda shida, uku guda biyu, biyar guda, bakwai guda. Lambobi 84 suke raba ta daidai. Daga mutum ɗaya har goma, ko nawa suka zo, za su raba ta su tashi ba gardama. Ashirin da huɗu ma tana shiga cikinta sau 840. Ga ido, 20,000 ta fi ta kyan gani, tana da sifirinta a jere kamar ƙwai a kwando. Ga aiki kuwa, 20,160 ta fi ta nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

ME WANNAN ZAI TSINANA MANA?

Mun san wani uba zai karanta wannan ya ce, malam, duk mun ji, amma wannan wasan 'yan boko ne. To, bari mu fita daga aji mu shiga kasuwa.

A ce manomi ya kai albasa buhu 137 kasuwar Goronyo, aka yi ciniki a kan naira 18,500 kowane buhu. Dillali ya danna waya ya ce kuɗi sun kama naira 2,434,500. Manomi ya ji an ambaci miliyan biyu, ransa ya yi fari, ya miƙa hannu. Amma da ɗansa ɗan makaranta yana tsaye a gefe, ga abin da zai yi cikin minti guda. Ya tara ƙwayoyin 137: 1 da 3 da 7 sun ba da 11, 1 da 1 sun ba da 2. Ya tara na 18,500: sun ba da 14, 1 da 4 sun ba da 5. Biyu sau biyar goma, 1 da sifiri sun ba da 1. Ke nan amsar gaskiya dole ƙwayoyinta su tattaru su koma 1. Na dillali sun ba da 18, wato 9. Lissafi bai hau ba. Idan aka sake, amsar ita ce 2,534,500, wadda ƙwayoyinta suka ba da 19, suka koma 10, suka koma 1. Naira dubu ɗari cur ta so ta salwanta, ko da gangan ko da kuskuren yatsa. Wannan awo da tara ake kiransa, kuma ya dogara ne ga saurar da lamba take bari idan an raba ta da tara. Gaskiya ne ba ya kama kowane kuskure. Idan an juya ƙwayoyi biyu, ko an ƙara sifiri, ba zai gani ba. Shi ya sa ake haɗa shi da kintace: buhu kusan 140 a kan kusan dubu goma sha takwas da rabi, dole amsa ta faɗo kusa da miliyan biyu da rabi.

Misali na biyu yana kan Gulbin Rima. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an yi ta ne domin ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Wannan magana ba ta shiga kunne sai an fasa ta. Kubik mita guda lita dubu ce, wato jarka arba'in mai cin lita 25. Ke nan muna maganar jarka fiye da biliyan 36. Shi kansa biliyan, mutane da yawa suna jin sa kamar ƙanen miliyan ne ko wansa na kusa. Ba haka ba ne. Wanda yake ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kai miliyan cikin kusan kwana goma sha ɗaya da rabi. Kafin ya kai biliyan kuwa sai ya shafe fiye da shekara talatin da ɗaya.

A 2018 an ba da sanarwa cewa ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Kashi ɗaya cikin goma na miliyan 900 shi ne miliyan 90. Da wani ya tashi a taro ya ce, jama'a ku kwantar da hankalinku, akwai ruwa kubik mita miliyan casa'in, da an tafa masa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma manomin rani da mai jiran famfo a Sakkwato sun san wannan babbar lamba ƙarama ce. Haka kuma waɗanda ambaliyar 2010 ta raba da gidajensu da gonakinsu a Goronyo da Wurno sun san abin da ruwa yake yi idan ya fi ƙarfin mazubinsa. Darasin shi ne, lamba ba ta da girma ita kaɗai. Sai an tambaya: cikin nawa? A kan mutum nawa? Na tsawon kwana nawa? Duk sanda aka ce an ware miliyan kaza domin wani aiki, abu na farko shi ne a raba shi da yawan waɗanda aka ce za su amfana, a ga abin da ya faɗo a kan kowa.

Su ma gagara-rabo ba zaman banza suke yi ba. Ninka 59 da 113 abu ne mai sauƙi, amma a ba ka 6,667 a ce ka nemo waɗanda aka ninka, sai ka yi gumi. Idan lambobin suna da ƙwayoyi ɗaruruwa, ko kwamfuta ba ta iya warware su cikin rayuwar mutum. A kan wannan wahala aka gina wata hanyar kulle saƙo da aka fito da ita a Amurka a 1977, wadda ta zama ɗaya daga cikin makullan da suke tsare hulɗar banki da saƙonnin intanet. Wanda ya tura kuɗi ta waya daga Rabah zuwa Legas, ilimin lambobi ne yake gadin dukiyarsa ko bai sani ba.

AMSA GA MASU JA

Wasu za su ce, ai yanzu kowa yana da kalkuleta a wayarsa. Haka ne, mu ma muna amfani da ita. Amma dillalin da muka ambata da waya ya yi nasa lissafin. Na'ura tana amsa abin da aka danna mata ne, ba ta san an yi kuskure ba, ba ta kuma san an yi ha'inci ba. Sai mai hankalin da ya san inda amsa ya kamata ta faɗo shi ne zai ce a sake.

Wasu za su ce lissafi baiwa ce, wani an ba shi, wani ba a ba shi ba. Mun yarda mutane sun bambanta. Amma yarinyar da take tallar ƙosai ta ba da canji ba kuskure, da yaron da ya san shanun babansa ɗaya bayan ɗaya, ba za a ce ba su da kan lissafi ba. Abin da muka yi a sama duka, rabawa ce da ninkawa da tarawa. Abin da ya rage shi ne haƙuri da yawan gwaji, sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Wasu kuma za su ce wannan ilimin Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. A Iskandariya ta ƙasar Masar ne Yuklid ya tabbatar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, cewa gagara-rabo ba su da iyaka. A can ne kuma Eratostenis, haifaffen ƙasar da ake kira Libiya a yau, ya yi aiki, shi ne mai dabarar nan ta tankaɗe lambobi kamar gari a rariya har gagara-rabo su rage a sama. Wanda ya tankaɗe daga 1 zuwa 20,000 zai sami guda 2,262. Daga nan gida kuma, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake jera lambobi a gidajen murabba'i, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da jimla ɗaya. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai biyar-biyar yana ba da 65. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa. Aikin bai ƙare ba har yau. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano gagara-rabo mai ƙwayoyi 41,024,320, wadda ta fi duk waɗanda aka sani kafin ta. Mai rubuta ƙwaya ɗaya a daƙiƙa zai yi fiye da shekara guda da wata uku bai ajiye alƙalami ba.

SHAWARWARINMU

Ga 'yan'uwanmu malamai, laifi na farko namu ne. Sau da yawa mukan rubuta ƙa'ida a allo da Turanci, yara su kwafa, mu wuce, domin muna tseren gama manhaja. Ba za mu yi hasarar kome ba idan muka ɗauki minti biyar a farkon darasi muka rubuta babbar lamba guda, muka bar yara su yi mata tambayoyi da Hausa kafin a koma Turancin jarrabawa. Mu kawo lambobin daga inda suke zaune: buhunan shinkafa, kuɗin taki, yawan mutanen gunduma. Kada mu raina wannan aiki. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah, malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, kafin ya zama hakimin Rabah a 1934, ya kuma zama Firimiyan Jihar Arewa. Daga allo ya fara.

Ga iyaye, idan za ku kasuwa da kaya mai yawa, ku tafi da ɗan makarantarku, mace ko namiji, ku ba shi takarda da fensir. Kun biya kuɗin makaranta, ku ci moriyarsa tun yanzu.

Ga shugabannin ikkilisiya da na ƙungiyoyi, a riƙa rubuta rahoton kuɗi a allo ko a takarda kowa ya gani, kada a tsaya ga karantawa da baki kawai. Ma'aji mai gaskiya ba ya jin haushin a sake tara masa lissafi, hasali ma kariya ce gare shi daga zargi. Wanda kuma ya ɗaga hannu ya yi tambaya, kada a ɗauke shi mai neman fitina. Matambayi ba ya ɓata.

Ga ku ɗalibai, musamman masu fita a bana, ga aikin hutu. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Nijeriya 140,431,790 ne. Ku zaunar da wannan lamba kamar yadda muka zaunar da keso. Cika ce ko mara? Uku tana raba ta? Bakwai fa? Me take bari idan an raba ta da tara? Duk wanda ya kawo amsa da aikinsa a rubuce, ko ya riga ya bar makaranta, ƙofar ofishin malamai a buɗe take.

Za ku fita duniyar da za a yi ta jefo muku manyan lambobi daga kowane gefe, a rediyo, a wurin aiki, a kasuwa, a takardar bashi. Wasu gaskiya ne, wasu kuskure ne, wasu kuwa an kumbura su ne domin a rufe muku baki. Ku yi abin da kakanninku suka yi a kasuwannin ƙasar nan. Ku gaishe da mai kaya cikin ladabi, ku shimfiɗa tabarma, ku kwance bakin buhun, ku fara ja biyar-biyar.

Allah ya ba mu hikima da riƙon amana. Amin.